Rakiyar Tasalla a Tsibirin Kewaye

A can ƙarshen kogin Kwara, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, akwai wani tsibiri da ba ya kwana inda ya wuni. Yau masunta su hango shi gabas, gobe yamma, jibi a neme shi sama da ƙasa a rasa. Tsibirin Kewaye ake ce masa, don hanya ɗaya tak gare shi, ita ma gaɓar teku ta bi ta kewaye shi. Kowa ya san na aljanu ne, mai hankali kuma ba ya sauka a kansa.

To, cikin masunta 'yan Yawuri da suka biyo kifi har bakin teku suka kafa bukkoki, akwai wata mai bandar kifi, sunanta Tasalla. Ba ta da aibu sai ɗaya, in ma aibu ne: rakiya. Ko gishiri mace ta zo ara, sai Tasalla ta ce bari ta taka mata. In ta kai maƙwabciya ƙofar bukkarta, ita kuma ta ce bari ta mayar da ita, shi ke nan an shiga uku, sai a wuni ana kai juna ana dawowa, baki bai huta ba. Mijinta Arzika mutum ne shiru-shiru, ya yi magana har ya gaji. Abin ya kai shi bango ran da ta tafi raka wata mai tallan manja, ta bar kifi kwando biyu a kan wuta, ta dawo ta tarar da gawayi. Ya dube ta ya ce, "Wallahi wata rana sai kin raka ɓarawon da ya yi miki sata." Maganar ta yi mata zafi. Da gari ya waye ya saɓa tarunsa, ya tsaya bakin ƙofa yana jira ta taka masa zuwa jirgi kamar kullum, ita kuwa ta juya masa baya tana hura wuta. Tun da suka yi aure, ran nan ne kaɗai ba ta raka shi ba.

Bai dawo ba. Kwana shida ana nemansa. Ran na bakwai da sassafe sai ga jirginsa shi kaɗai, babu matuƙi, yana tunkuɗar gaɓa da goshi kamar akuyar da ke son a buɗe mata ƙofa. Maza suka ja da baya suna salati. Tasalla kuwa ta ci ɗamara da gyalenta, ta ƙulla busasshen kifi a bakin zane, ta faɗa ciki. Ko zama ba ta gama yi ba jirgi ya juya ya yanki teku da gudu, ruwa na feshi dama da hagu, bukkoki suka ɓace a bayanta.

Rana na fitowa sai ga tsibirin ya taso a gabanta, kore shar, duwatsunsa baƙaƙe, tsuntsaye na shawagi a kansa. Jirgi ya cake a wani ɗan rairayi. Ta dama ga wata 'yar hanya ta haura cikin daji. Ta hagu ga katangar dutse, doguwa, santsi gare ta, ta taso daga daji ta nutse cikin teku. A gindinta wani zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya, tsawonsa ya kai na mutum biyu.

"Salamu alaikum," in ji Tasalla, don ko a ina take ba ta fasa sallama.

Zalɓe ya sunkuyo da dogon wuyansa. "Aminci ya tabbata ga mai sallama. Ya ke 'yar Adam, me ya kawo ki ƙasar da ba a gayyace ki ba?"

"Maigidana nake nema, mai jirgin nan."

Ya nuna mata wata tsaga a jikin katangar da bakinsa. Ta kafa ido. Can bayan katangar ga farin rairayi, ga Arzika tsaye da gorar ruwa a hannu, ƙafa ɗaya a gaba kamar mai tafiya. Daga tafin ƙafarsa har ƙirji ya zama dutse. Idanunsa ne kaɗai ke motsi. Ta kwarma ihu, bai ji ba.

"Ruwan sha ya sauka nema, ya taka hanya," in ji zalɓe. "Wanda ya taka hanyar nan kuwa, dole ya kewaye tsibirin kafin faɗuwar rana. Saura masa taku ashirin ta faɗi. Yau kwanansa bakwai. In wani ya kewayo ya dafa shi kafin ranar yau ta nutse, sun tsira su biyu. In ba haka ba, ya zama dutse har tashin duniya, ke ma ki tsaya inda ta faɗi ta bar ki. Sharaɗi ɗaya ne, ki riƙe shi da kyau. Hanyar nan gaba take tafiya. Duk takun da kika yi da baya, rana za ta yi tsalle."

"Na ji," in ji Tasalla. Ta yi bisimilla ta kama hanya.

Kai, hanya! Farkonta hawa ne, saiwoyin itatuwa sun zama matakala, ganyaye masu faɗin tabarma na ɗiga mata raɓa a ka. Birai farare suka jeru kan rassa suna kallonta, hannu a haɓa. Ta yi ta hawa har numfashinta na fita da ƙyar, sai kwatsam daji ya yaye, ta gan ta a kan tsauni, teku shimfiɗe a ƙasa ba iyaka, shuɗi a nesa, kore a kusa, raƙuman ruwa na fashewa a jikin dutse suna tashin kumfa. Duk da baƙin cikin da ke cin ta, sai da zuciyarta ta yi tsalle. Ita da ta ƙare rayuwarta cikin hayaƙin banda, ba ta taɓa sanin duniya na da irin wannan faɗi ba.

Hanya ta gangara da ita wani rairayi ɓoyayye tsakanin duwatsu biyu, ja wur kamar dakakken barkono, babu sawun kowa a kai. Ta yi nisa cikinsa ke nan sai ta ji ƙaras-ƙaras a bayanta. Wata tsohuwar ƙaguwa ce ta fito daga raminta, girmanta ya kai kifaffen jirgi, bayanta duk gansakuka, ta ɗauko fasasshiyar kwakwa a ƙahon hannunta.

"Ya ke baƙuwa, sha. Ba a ratsa Jan Rairayi da ƙishirwa."

Tasalla ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta shanye. Sanyin ruwan ya ratsa ta har ƙashi. Ta kwance bakin zane ta miƙa kifi guda. "Ga wannan, Inna, ba yawa. Ya gida, ya yara? Ya fama da ruwa?"

Ƙaguwa ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya cikin mamaki, sannan ta yi sallama ta juya ta nufi raminta, can baya inda Tasalla ta fito.

Yanzu fa ga inda hali ya yi halinsa. Tsohuwa ta kawo maka ruwa har inda kake, ta juya za ta tafi, ka tsaya kana kallon bayanta? Ba a haifi Tasalla a gidan da ake yin haka ba. Kafin hankalinta ya farga, ƙafarta ta riga ta yanke hukunci.

"Bari in taka miki, Inna."

Taku ɗaya, rana ta zabura daga hantsi. Taku biyu, ta tsaya tsakar ka, inuwar Tasalla ta shige ƙarƙashin ƙafarta. Taku uku, inuwar ta ɓullo ta ɗaya gefen, azahar ta yi har ta gota. Tasalla ta daskare da ƙafa a sama, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Tasalla! Na kashe shi! Na kashe shi da rakiya!"

"Me kika aikata, 'yar Adam?" in ji ƙaguwa. "Zalɓe bai faɗa miki sharaɗi ba?"

"Ya faɗa, Inna. Ƙafar ce ba ta ji ba. Mu a garinmu in mutum ya zo wurinka zai tafi, taka masa ake yi, ko 'yar tazara ce, don kada ya tafi shi kaɗai kamar wanda aka kora. Rakiya ke nan."

Ƙaguwa ta dube ta, dogayen idanunta na kaɗawa. "Shekara dubu ina shayar da baƙi a nan. Su sha, su jefar da ɓawo, su wuce. Ba wanda ya taɓa bin bayana ko taku ɗaya, ke kuma kin ba da rabin wuninki. Da me ake rama wannan abu?"

"Da irinsa ake ramawa," in ji Tasalla tana share hawaye.

"To mu je."

Suka jera, ƙaguwa na tafiyarta ta gefe, Tasalla na sauri. Sun yi tafiya mai nisa sannan ta lura inuwarta ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba. Ta ɗaga kai. Rana na nan cak inda take, kamar an kafe ta da ƙusa.

"Ranar tsibirin nan ba ta gudu a kan 'yan ƙasa," in ji ƙaguwa. "Muddin ɗayanmu na tafe kafaɗa da kafaɗa da ke, tsaye take. Ba dai wanda ya taɓa neman mu tafi tare da shi ne. Sai dai kowannenmu da iyakarsa. Ni ba na wuce wancan dutsen."

Tasalla ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. A bakin dutsen ta ce, "Ya isa haka, Inna, ki koma. Na gode." Ƙaguwa ta juya. Tasalla ta rufe ido, ta cije leɓe, ta yi gaba da gudu.

Tana rabuwa da ƙaguwa rana ta ci gaba da tafiyarta. Hanya ta haura ta maƙale a jikin tsauni, faɗinta tafin ƙafa ɗaya, hagu dutse, dama rami mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jiran ƙararta. Tasalla ta manna ƙirji a dutse tana jan ƙafa. Tana tsakiya wata iska ta taso ta fizge mata ɗankwali, ta rataye shi a kan wata ƙaya, taku biyu kacal a baya. Ta ji iskar na ƙyalƙyala dariya a kunnenta. Matar aure, kai a buɗe, a ƙasar mutane! Ta dubi ɗankwalin, ta dubi rana, ta ce, "Na bar miki, ki ɗaura ran sallah," ta wuce. Gaba kaɗan ta tarar da gadar dutse siririya, ƙarƙashinta wani rami da teku ke tofo ruwa ta cikinsa, sama da tsawon giginya. Ta tsaya ta ƙirga. Tofi uku a jere, sannan hutu. A hutun ta sheƙa ta haye, na huɗun ya tashi a bayanta ya jiƙa ta sharkaf.

Rairayi na biyu baƙi ne ƙirin, yana ƙyalli, kuma duk inda ta taka sai ya yi ƙara kamar 'yan ƙararrawa. A farkonsa wani aljani ne zaune gaban masaƙa, hannuwansa shida, yana kamo kumfar teku yana saƙa ta farin sawaye. Ko kai bai ɗaga ba.

"Sannu da aiki, Baba masaƙi."

"Wuce, 'yar Adam. Rigar sarki nake saƙa, ba ni da lokacin baƙi."

Rairayin kuwa dogo ne, ba a hango ƙarshensa. Tasalla ta duba ta ga zaren da ke kan masaƙar ya kusa ƙarewa, ga sabon zare tuli guda a gefe. Kakanta masaƙi ne, ta san kafin a ɗora sabon zare sai an yi wadari, a ja shi tsawon fili a miƙe shi.

"Baba, wannan saƙa ko a mafarki ban taɓa ganin irinta ba. Amma na ga zarenka ya zo ƙarshe. Wa ke riƙe maka in za ka yi wadari?"

Hannuwa shida suka tsaya. "Babu. Ni kaɗai nake yi, iska ta yi ta cukurkuɗa mini."

"Haba! Ga ni ga ka? Tashi mu ja shi tare, ni in riƙe ƙwaryar zare, kai ka miƙe."

Aljani ya yi gunaguni, amma ya tashi. Suka jera yana warware zare tana riƙe da ƙwarya, rairayi na kaɗa musu ƙararrawa, rana ta tsaya cak. Kafin su kai ƙarshe ya ba ta labarin ciwon bayansa, da rashin godiyar sarki, da yadda kumfar bana ba ta kai ta bara kauri ba. A bakin iyaka ya kafa turkensa, ya yanko sawaye guda ya miƙa mata. "Rufe kanki, 'yar mutane." Ta ɗaura. Sanyi gare shi kamar ruwan randa.

Daga nan ta faɗa wani dajin fadama, itatuwansa tsaye kan saiwoyi kamar masu tattare riga, taɓo har gwiwa. Nan ta ɓata lokaci ba kaɗan ba, tana zare ƙafa tana dasawa, la'asar ta yi har ta fara sanyi. Ta fita ta kutsa wani kogo a rarrafe, ta ɓullo wani ɗan rairayi kore mai siffar ƙwarya, duwatsu sun rufe shi ta ko'ina, ruwansa garai-garai har ana ganin kifaye masu launin atamfa. 'Yan matan ruwa ne cike da shi, gashinsu har gadon baya, suna gaɗa. Waɗannan ba su buƙaci roƙo ba, labari ya riga ya iso musu. "Mai rakiya ta iso! Mai rakiya ta iso!" Suka kewaye ta da tafi da waƙa, suka kai ta har iyaka da rawa, ita ma sai da ta ɗan karya kafaɗa.

A bakin iyaka, babbarsu ta daina dariya. "Yaya, daga nan ƙasar Sarki Gawurtau ce, har Farin Rairayi. Tafiyar rabin wuni ce. Shi kuwa ba ya raka kowa."

Tasalla ta dubi yamma. Tsakanin rana da ruwa bai fi kamu ɗaya ba.

Ta same shi zaune kan wani falalen dutse, girmansa kamar kuka, gemunsa ciyawar ruwa, rigarsa ta farar kumfa tana tashi tana kwanciya. Ta zube ta kwashi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin sarki. Ranka ya daɗe, mai tsibiri da abin da ke kewaye da shi."

Muryarsa ta fito kamar tsawa daga nesa. "Labarinki ya riga ki, 'yar Adam. Kin lalata mini talakawa da yawon rakiya. Masaƙina ya bar aiki, ƙaguwa ta bar rami. To ki sani, sarki ba ya raka kowa." Ya miƙe, tsakuwa na zubowa daga jikinsa. "Kullum war haka nakan taka zuwa Farin Rairayi in ga faɗuwar rana. Yau zan ga ta faɗi a kan mijinki. Ke kuwa nemi wuri mai kyau ki tsaya, don za ki daɗe a cikinsa."

Bakin Tasalla dai bai mutu ba. "Allah ya kiyaye sarki ya raka talaka, ranka ya daɗe. Wa ya isa? Abin da ya ba ni mamaki dai, babba kamarka ya fita shi kaɗai, ba kowa a gefensa. A garinmu ko mai unguwa ba a bari ya yi haka. In sarki ya yarda, ni in raka shi."

Sarki Gawurtau ya shafa gemu. Tun da aka kafa tsibirin ba wanda ya taɓa ce masa haka, abin kuma ya yi masa daɗi. "Na yarda," ya ce.

Sun yi taku goma ya ga rana ta tsaya. Ya dubi ranar, ya dubi 'yar matar da ke gefensa, ya gane an yi masa dabara. Idanunsa suka yi ja. Amma ya riga ya ce ya yarda, kuma sarki ba ya lashe maganarsa. Sai ya buɗe taku.

Nan fa aka yi ta! Takunsa ɗaya nata takwas. Ya bi ta kan duwatsu masu kaifi, ta bi shi tafin ƙafarta na tsagewa. Ya ratsa ta ƙarƙashin wani ruwa mai zubowa daga tsauni, ta shiga ta fito tana tari. Ya faɗa wata mashigar teku da ta kai masa idon sawu, ita ta kai mata wuya, ta kama gefen rigarsa, kumfa ta narke a hannunta. Duk sa'ad da ta gaza ya ba ta tazara, sai rana ta zame ƙasa kaɗan. Ta ga in aka ci gaba a haka ƙafa ba za ta fisshe ta ba. Amma shekara ashirin tana rakiya ba a banza ba. Ta san duk saurin mutum, in hira ta kai wuri mai daɗi sai ya rage.

"Ranka ya daɗe," ta ɗaga murya tana haki, "ko an taɓa ba sarki labarin matar da ta ƙone kifi kwando biyu saboda mai tallan manja?"

"Ba a taɓa ba."

Ta fara. Ta kwaikwayi muryar mai manja, ta kwaikwayi tafiyarta, ta faɗi yadda suka kai juna suka dawo sau huɗu, da yadda karen maƙwabta ya gaji da bin su ya kwanta. In ta zo wurin daɗi sai ta yi ƙasa da murya, sarki kuma ya rage taku ya sunkuyo don ya ji. Da ta kai kan maganar ɓarawo, ya tuntsire da dariya har duwatsu suka gangaro cikin teku.

"To matar nan ke ce," ya ce. "Mutumin da ya yi miki wannan baƙar magana, don me kika biyo shi har nan?"

Tasalla ta ɗaga kai ta dube shi. "Ranka ya daɗe, na raka mai manja, na raka mai aron gishiri, na raka wanda ban san sunansa ba. Shi kaɗai ya tsaya bakin ƙofa yana jirana na juya masa baya. Kwana bakwai ke nan abin na cina. Ina son sa, ranka ya daɗe, kuma ba zan yarda a ce haka muka rabu ba."

Sarki ya ci gaba da tafiya, tana gefensa. Suka zagaya wani dutse, sai ga Farin Rairayi shimfiɗe, fari fat, rana ta zuba masa ja. Can ƙarshensa, kusa da katanga, ga Arzika, ɗan ƙarami saboda nisa. Sarki ya ja ya tsaya.

"Na yarda ki raka ni, kin kuwa raka ni. Amma ban ce dole in ƙarasa ba. Na fasa kallon ranar yau. Fada zan koma." Ya juya a hankali ya fara tafiya, shi kaɗai, bayansa a ɗan duƙe.

Wallahi sai ga ƙafar Tasalla ta ɗaga da kanta. Bakinta har ya fara, "Bari in ta..." Ta kai hannu biyu ta damƙe gwiwarta, ta mayar da ƙafar ƙasa da ƙarfi.

"Sarki ya sauka lafiya! Yau kam a gafarce ni, akwai wanda ya riga ka!"

Ta zuba da gudu. Rana ta saki jiki ta taɓa ruwa. Rairayin laushi gare shi, yana haɗiye mata ƙafa, jini na bin sawunta. Rabin rana ya nutse. Ta hango dutse ya haura wuyan Arzika ya kama haɓarsa. Ta faɗi, ta miƙe, ta sake faɗuwa, ta ci gaba da rarrafe. Ta ji yatsun ƙafarta sun fara yin nauyi da sanyi. Abin da ya rage na rana bai fi bakin faifai ba. Ta tattara sauran ƙarfinta ta yi tsalle, ta faɗi rub da ciki, hannunta ya cafki idon sawunsa.

Dutse ya yi ƙara, ya tsattsage kamar ɓawon ƙwai, ya zube. Arzika ya ƙarasa takun da ya fara kwana bakwai da suka wuce, ruwan gorarsa ya fantsama a kanta. A daidai nan rana ta nutse.

Ya dube ta a ƙasa, kaca-kaca da taɓo, kai ɗaure da kumfa. Ya ɗago ta. Shi da ma ba mai yawan magana ba ne.

"Tasalla. Ai ran nan na jira ki bakin ƙofa."

"Na sani, maigida," ta ce, hawaye na zuba. "Ga ni na zo. Mu je in taka maka."

Katangar dutse ta dare gida biyu. Suka jera kafaɗa da kafaɗa, ta raka shi taku ashirin ɗin da suka rage masa, har bakin jirgi, zalɓe ya sunkuyar da kai suka wuce.

Suna shiga sai suka ji tafi da waƙa. Ashe sarki ya ɗage iyakoki na wannan yamma. Ga ƙaguwa, ga masaƙi da hannuwansa shida, ga 'yan matan ruwa, duk sun biyo gaɓa sun zo rakiya. Can baya kuma ga Sarki Gawurtau, hannu a baya, yana kallon sama wai shi iska kawai ya fito sha. Suka shiga ruwa suka bi jirgin har inda ya fara zurfi.

"Ya isa haka, ku koma! Mun gode!" in ji Tasalla tana ɗaga hannu.

Suka juya. Ta bi bayansu da kallo, ta ga tsohuwar ƙaguwa ce a ƙarshe, tana jan jiki a hankali. Ba ta san sa'ad da ta miƙe ta ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgi ba. Arzika ya saki filafili ya cafke bakin zanenta.

"Zauna, don girman Allah," ya ce. "In mun isa gida ki raka duk wanda kika ga dama. Ni zan tsare kifin."

Nan na kawo ku, masu sauraro. Ya isa haka, kowa ya sauka lafiya.